Tagar da Alhajin Lyon Yake Buɗewa

Jikata ce ta fara kawo min labarin ɗumin gidan Lyon. Sun je can bikin suna a ƙarshen shekara, ita da iyayenta, da suka dawo aka kawo ta nan Saint-Denis, gefen Paris, ta gaishe mu. Shekararta bakwai a lokacin. Tana shigowa ta kama mantonta, babbar rigar sanyi, za ta cire, na ce ta bari sai ta shiga falo.

"Kaka, a gidan Kaka na Lyon ba a sa manto. Ko safa ba a sawa. Ƙasan ɗakin ma ɗumi gare shi, kamar cikin mage."

"Madalla," na ce. "Turo ƙofar nan."

"Har taga yake buɗewa."

"Na ji. Turo ƙofa."

Kaka na Lyon shi ne mahaifin mijin ɗiyata. Mutumin Maraɗi ne, ni na Damagaram. Kusan sa'anni muke, kuma tun da surukuta ta haɗa mu ba mu taɓa sa-in-sa ba. Ina ce masa Alhaji, yana ce min Malam. Shi ya yi cinikin shadda da atamfa har gwiwoyinsa suka gaji, ni na ƙare ƙarfina a aikin tafinta. Abin da muka haɗa guda ne, yarinyar nan. Ba ni da wata jika, shi ma a Faransa ba shi da wata.

Tun da ta shiga lakwal, wato makarantar boko, hutun Fabrairu nawa ne. Ɗiyata ma'aikaciyar jinya ce a asibiti, mijinta yana lodin kaya a kasuwar Rungis, babu mai zama da yarinya har mako biyu. Daga Clichy-sous-Bois inda suke zuwa wurinmu ba nisa, sai su kawo ta da 'yar jakarta su ajiye. Ni ke kai ta ɗakin karatu na unguwa, ni ke riƙe hannunta a kasuwa. Hajiya, mai ɗakina, ta yi mata kitso, ni in koya mata gaisuwa da Rashanci da Turkanci tana ƙyalƙyala dariya. Makonnin nan biyu nake jira duk shekara. Sauran kwanakin tsufa duk kama suke da juna.

Bambancin gidana da na Alhaji ba na arziki ba ne, na gini ne. Shi yana hawa na tara a wani dogon bene, inda tukunyar wuta guda a ƙarƙashin ƙasa take ɗumama kowa da kowa, ruwan zafi yana bin bututu a cikin daɓen ɗaki. Kuɗin ɗumin yana cikin kuɗin haya, ko ka ji zafi ko ka ji sanyi abin da za ka biya bai canzawa. Ni kuwa a ƙasa nake, a tsohon gini mai kaurin bango, kowane ɗaki da radiyato na kuran, wato wutar lantarki, manne a jikinsa. Faransawa da kansu suna yi wa irinsa ba'a, suna ce masa abin gasa burodi. Ka kunna shi ya gasa maka ƙauri, ka kashe shi ɗakin ya manta an taɓa kunna shi. Kuma duk abin da ya ci, a faktir ɗinka, takardar kuɗin wuta, zai fito.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ni ba baƙon sanyi ba ne. Ina saurayi aka tura ni karatu Mosko, na ga sanyin da ke daskarar da gashin hanci. Daga baya aikin tafinta ya kai ni Istanbul da Kanton ta kudancin Sin da Kazablanka, ina bin 'yan kasuwarmu ina juya musu magana. Ko'ina na je sai na lura da yadda mutane suke zama da sanyinsu. A tsofaffin unguwannin Istanbul iyali kan tattaru a ɗaki guda kusa da murhun ƙarfe, su bar sauran gidan ya ji da kansa. A kudancin Sin ba ɗaki suke ɗumamawa ba, jikinsu suke ɗumamawa, riga kan riga, da gorar ruwan zafi a hannu duk inda aka nufa. Rashawa kuwa, kafin sanyi ya sauka, sai su yayyanka tsumma siri-siri, su goga masa jiƙaƙƙen sabulu, su liƙe duk wata kafa ta taga. Alhaji tafiyarsa ba ta wuce Dubai da Makka ba. Bai san ko ɗaya daga cikin dabarun nan ba. Amma shi ne yake yawo ba safa.

A Janairun da ya biyo baya sanyi ya sauko irin wanda ake ta gargaɗi a kansa a talabijin. Ruwan da ya kwanta a gefen titi ya zama dutse, motoci suka wayi gari da farin ɓawo, kuɗin kuran kuma dama ya riga ya hau. Na ce da Hajiya lokacin amfani da abin da na gani a duniya ya yi.

Na fara da na Turkawa. Muka kwashe katifarmu daga ɗakin kwana muka dawo falo, muka rufe ɗakin kwanan da ƙaramin ɗakin da jikata ke sauka, muka kashe radiyatonsu. Na bi da na mutanen Kanton: wandon ulu a ƙarƙashin wando, suwaita biyu, hula, da shayi a kan wuta tun safe. Sannan na yi na Rashawa. Na karɓi tsohon zanen Hajiya na yayyanka, na jiƙa sabulu, na bi tagogin gidan ɗaya bayan ɗaya. A saman kowace taga akwai wata 'yar tsaga da magina suka bari, ka sa hannu ka ji iska tana shigowa. Na yi mamakin sakacin Bature, na liƙe su duka. A kicin da banɗaki ma akwai wasu ramuka masu raga a kusa da rufi. Na hau kujera na cusa wa kowanne tsohuwar safa. Ƙarƙashin ƙofar waje Hajiya ta ɗinka doguwar jaka ta cika ta da tsumma, muka tokare.

Gidan ya yi shiru. Labule ya daina motsi. Wanki kuwa, maimakon mu kai injin busarwa na unguwa, Hajiya ta ɗaura igiya a ƙaramin ɗaki tana shanyawa, ta ja ƙofa. Tuwo da miyar kuka suna daɗewa a kan wuta, tururinsu ya cika falo, mu ji daɗi. Kowace safiya sai mu tarar da gilasan taga suna zubar da ruwa. Hajiya ta ce abin bai yi mata ba. Na ce gumi ne, alamar ɗumi ya zauna a gidan. Da faktir ya zo na ga ya sauka, na yi ta kai da kawo a falo ina jin kaina.

Amma jin kan nan ba ya wuce ranar Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci mukan gaisa da Alhaji ta waya mai hoto. Kafin in ɗauka sai in tuɓe hula da mayafin wuya, in cire suwaita ɗaya in tura bayan kujera. Shi kuwa ya bayyana da 'yar singileti, kofin fura a hannu, ina jin ƙarar ƙanƙara a ciki.

"Malam, ina gajiya? Ya sanyi? An ce Paris abin ba sauƙi."

"Lafiya lau, Alhaji. Ai mu nan ba mu ji shi sosai ba."

"To, alhamdu lillahi. Mu nan zafi ne ya dame mu, wallahi. Jiya da ƙyar na yi barci."

Hajiya tana gefe tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, hancinka yana zuba."

In an gama wayar sai in mai da kayana a jiki, in buɗe labarin yanayi in duba Lyon. Ban san abin da nake nema ba. Ko an ce sanyin can ya fi namu, shi ba ya jin sa. Wata rana na kama kaina ina tunanin ai tukunyar wuta ma inji ce, inji kuwa yakan lalace. Na yi istigfari, amma tunanin bai tafi nan take ba.

Tun farkon sanyin nan jikata take tari. Ƙirjinta yakan yi wani ɗan fito in ta yi gudu, likita ya ba ta abin shaƙa, ya ce a kiyaye ta da ɗaki mai danshi. Ana saura kwanaki a ba da hutu, ɗiyata ta zo ranar Asabar da rana ta taya mu gyara ƙaramin ɗaki. Ita ce ta fari a wurina, ba na kiran sunanta, ita ma ba ta cika haɗa ido da ni ba. Ta gaishe mu a durƙushe kamar kullum, ta sha shayi, ta tashi ta buɗe ƙofar ɗakin. Na ga ta ja baya.

"Mama, mene ne wannan warin?"

Ta kwance igiyar shanya, ta jawo katifar yarinyar da muka jingina a bango. Bayan katifar bangon ya yi baƙi tun daga ƙasa har tsayin ƙugu, da ɗigo-ɗigon kore a gefe, kamar burodin da aka manta a leda. Katifar kanta ta kama. Ta ɗaga kai ta ga tsummokaran da na liƙe a taga, ta leƙa banɗaki ta ga safa a cikin rami.

"Baba! Waɗannan ai ta nan gida yake numfashi. Wa ya toshe su?"

Na ce ta nan sanyi yake shigowa.

"Ta nan danshi yake fita, Baba."

Hajiya ta ce, "Na gaya maka ɗakin nan yana wari."

"Ba ki gaya min ba."

"Na gaya maka. Ka ce in ƙara turare."

Gaskiyarta ce. Kullum da hantsi takan ɗora turaren wuta a kan ɗan kaskon kuran, gidan ya ɗauki ƙamshi har cikin labule. Duk baƙon da ya shigo sai ya ce gidanmu kamar ɗakin amarya. Ƙamshin nan ne ya rufe mana hanci wata guda cur.

Ɗiyata ta dawo falo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar uwarta. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta kafin ta yi magana, kuma uwar take kallo ba ni ba.

"Dama Alhaji ya ce, in da hali, bana a kai musu ita."

Dama. Wato ya riga ya nema tun kafin a ga bangona. Na ce zan kankare bangon, zan sayi sabuwar katifa, yarinya za ta kwana a falo tare da mu. Ta ce, "Baba, ƙirjinta." Abin da kawai na iya ƙwata shi ne ni zan kai ta da kaina, tunda su duka suna aiki.

A jirgin ƙasa ta manna goshi a gilashi tana kallon gonaki fari fat, tana ba ni labarin gidan da za mu, inda take kwana, da tashar zane-zanen da Alhaji yake kunna mata. Na ce ta gaishe ni da Rashanci. Ta yi, amma hankalinta yana waje.

Alhaji da kansa ya buɗe mana ƙofa, cikin jallabiya marar nauyi, ƙafa ba takalmi. Ya wangale ƙofar ya tsaya a bakinta.

"Maraba, maraba da Malam! Sannu da hanya. Ina gajiya? Ya Hajiya? Ya mutanen Paris? Ya jiki? Ya sanyi? Ya aka ji da hanya?"

Ina amsawa ina jin ɗumi yana fitowa ta gefensa yana dukan fuskata yana wucewa matakala. Ni da na yi wata biyu ina jawo baƙo ciki kafin ya gama sallama, har wani ɗan garinmu ya tambayi Hajiya ko ya yi min laifi ne. Shi kuwa ga shi yana gaisuwa irin ta gida, a tsanake, babu abin da ya rage. Har wannan ma tukunyar wutarsu ta bar masa.

Kafin mu zauna gumi ya keto min. Na nemi banɗaki, na shiga na fara tuɓewa: manto, suwaita, suwaita, wandon ulu, safa biyu. Na fito rungume da kaya kamar mai zuwa wanki. Alhaji ya dube ni ya riƙe ciki don dariya.

"Malam, ashe albasa aka aiko mana daga Paris! Saura ɓawo nawa?"

"Wanda ya san sanyi shi yake shirya masa, Alhaji."

"Haka ne, haka ne. Mu jahilai sai Allah ya dube mu ya sa mu a tanda."

Matarsa ta kawo shinkafa da miyar taushe da naman rago. Muna gama ci ya tashi ya nufi taga ya buɗe ta gaba ɗaya. Iskar waje ta shigo, a waje kuwa ƙanƙara ce kwance a kan rufin motoci. Na kasa yin shiru.

"Alhaji, wannan ai almubazzaranci ne. Ana ta roƙon mutane su rage wuta."

"To in yi yaya, Malam? Nemo min inda ake rage shi in rage. Babu. Na ƙasa suna kukan sanyi, a ƙara wuta dominsu, mu na sama mu dahu. Dubi hancina, duk ya tsage. Maƙogwarona kullum a bushe. Ga kwanon ruwa can na ajiye ko iska za ta yi laushi."

Na dubi kwanon ruwan. Ni ina can ruwa yana bin bangona, shi yana nan yana roƙon ruwa ya shiga iskarsa. Na san ba ƙarya yake ba, hancin nasa ya tsage da gaske. Amma a kunnena kukan daɗi ne.

Jikata kuwa tuni ta yar da safarta a bayan kujera. Ta kwanta rub da ciki a kan daɓe, ta baza fensiran launi, tana kaɗa ƙafafu a sama. Na zauna ina sauraron ƙirjinta. Tun da muka shigo ban ji ta yi tari ba. Na so in ji daɗin haka, kuma na ji, amma ba duka ba.

Sun yi sun yi in kwana, na ce Hajiya ita kaɗai ce. Da la'asar na sake shiga banɗaki na mai da ɓawona. Na tsaya a kan yarinyar na ce, "To, matar, zan tafi. Ba rakiya?"

Ta ɗago kai ta ce, "Sai an jima, Kaka," ta koma kan zanenta.

Alhaji ya ce, "Bar ta, Malam, ta sami sabon miji mai wuta." Ya rako ni har bakin asansar, injin hawa da sauka bene, ƙofar gidansa a buɗe a bayansa.

A hanyar dawowa tagar nan tasa ta ƙi fita daga raina, har ta jawo min wata tagar. A ɗakin kwananmu na ɗalibai a Mosko, a saman babbar tagar da ake liƙewa, akwai wata ƙarama kamar faɗin littafi. Ita ba a taɓa liƙe ta. Kowace safiya dattijuwar da ke kula da benen takan shigo ta buɗe ta, mu 'yan Afirka mu yi ta ƙorafi a cikin bargo, ita ko a jikinta. Shekaru arba'in da wani abu na riƙe sabulu da tsumma a kaina, na yar da 'yar tagar.

Na san kuma dalilin da ya sa na yar da ita. A Damagaram sanyi busasshe ne, kuma daga waje yake zuwa. Lokacin ɗari abin da muka sani shi ne a toshe: a rataya buhu a ƙofa, a cusa tsumma a taga, a kwana. Bangon ƙasa yana shan abin da ya sha, wankin safe ya bushe kafin azahar. Ba mu taɓa sanin ruwa zai iya fitowa daga numfashin mutum da tukunyar tuwonsa ya kwanta a bango ba. Ko a Mosko ɗumin nasu busasshe ne irin na Alhaji. Na zaga duniya, amma da na ga rami a bango, idon ɗan Damagaram ne ya gan shi.

Washegari na hau kujera na zaro safa daga ramukan. Na ɓamɓare tsumman da ke kan tsagogin sama, na bar na gefen gilashi inda iska ke shigowa ba bisa ƙa'ida ba. Na ɗaure hanci na wanke bangon da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, ya bushe, na sake wankewa. Katifar muka fitar. Ƙaramin ɗaki muka daina barinsa a kashe ɗungum, muna ba shi ɗan ɗumi kaɗan, ƙofarsa a buɗe. Manyan kayan wanki na koma ɗauka zuwa injin busarwa, tukunya kuma Hajiya ta riƙa rufe ta. Kowace safiya in kashe radiyato, in wangale tagogi gaba da baya na ɗan lokaci, iska ta ratsa ta fita, in rufe kafin bango ya huce. Gilasai suka daina zubar da ruwa. Faktir ya ɗan hau, amma bai koma inda yake da ba.

A 'yan mintocin nan da taga take buɗe nakan tsaya a gabanta cikin manto, hannu a hammata. Hajiya tana cikin bargo tana cewa, "Rufe haka nan, Malam, ka kashe mu." Ni kuwa Lyon nake tunani. Ga ni ina yin abin da Alhaji yake yi, shi don ɗumi ya yi masa yawa, ni haƙorana suna haɗuwa.

Da hutu ya ƙare ubanta ya je ya ɗauko ta. Ta yi kumari, tarin ya tafi. Ta shigo gidanmu ta tarar ina goge gilashi, ta ce, "Kaka, mi kake yi?" Mi. Mako biyu kawai, har bakin Maraɗi ya kama ta. Hajiya ta yi dariya har da hawaye. Ni ban yi ba.

Ɗiyata ta shiga ƙaramin ɗaki ta shafa bangon da tafin hannu, ta sunsuna, ta ce ya yi. Hutun bazara aka kawo mana ita. Amma a kan na Fabrairu ta ce, cikin ladabi, a bari tukuna sai ƙirjin yarinya ya yi ƙwari. Ban ja ba. Bangona ya bushe, amma ba zai taɓa yin ɗumin cikin mage ba.

Sai ga Yuli ya zo da zafin da ya hana mutane fita da rana. Dogon benen Alhaji rana take dukansa tun fitowarta har faɗuwarta, hawa na tara kuwa ba a magana. Gidana na ƙasa, mai kaurin bangon nan da ya wahalar da ni duk sanyi, ya zama kamar cikin randa. Na rufe katakan tagogi tun da safe, ba fanka ba komai. An shirya yarinyar za ta yi rabin dogon hutu a Lyon, uwarta ta ce a'a, zafin can ya yi yawa, ta zauna wurinmu.

Ranar Juma'a waya ta yi ƙara. Jikata tana kwance a kan tabarma tana zane. Kafin in ɗauka na miƙa hannu na jawo ɗan siririn bargo na yafa a kafaɗa. Hajiya ta dube ni ta girgiza kai.

Alhaji ya bayyana da jiƙaƙƙen tawul a wuya, fanka tana kaɗa gemunsa.

"Malam, ina wuni? Ya zafi? Mene ne wannan a kafaɗarka?"

"Wallahi, Alhaji, gidan ne da ɗan sanyi-sanyi. Jiya da ƙyar na yi barci."

Ya fashe da dariya har tawul ɗin ya faɗi. "Allah ya shirye ka, Malam. Ba ni matata mu gaisa."

"Tana aiki," na ce. Na bari ya ɗan jira kafin na miƙa mata.

Hutun Fabrairu dai har yau nasa ne. Duk shekara ni nake kai ta, in tuɓe a banɗakinsa, in ci shinkafar matarsa, in kalle shi yana buɗe taga. Bana da na je na tarar ana maganar za a gyara benen nasu, a sa wa kowane gida abin rage ɗumi da abin auna wanda ya sha. Alhaji yana ta murna, wai hancinsa zai huta. Na taya shi murna. Na ce in an gama aikin ya gaya min, ina da sauran tsohon zanen Hajiya, zan kawo masa da sabulu.